Filin ajiye motocin da na yi sau biyu

Shagon sarina yana bakin hanyar da ta nufi Magarya, kuma shekara da shekaru gabansa ƙasa ce zalla. Da rani ƙura ta lulluɓe buhunan shinkafa, da damina babbar mota ta zo sauke kaya ta kafe, sai an tara majiya ƙarfi. A 2018, lokacin da ake ta gyaran Damagaram don bikin ranar Jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba, na ga gari yana sake kama, na ce ni ma ba za a bar ni a baya ba, zan daɓe filin gaban shagon da kankare. Filin mita 20 ne a tsawo, 12 a faɗi.

Aikin farko na ba wani mai kwangila da ya fi kowa sauƙin kuɗi. Ya share ƙasa sama-sama, ya zuba kankare da kaurinsa bai wuce santimita 10 ba, a cikin watan Afrilu, rana tsaka. Ina tsaye yaransa suna ta ƙara ruwa a kwaɓin har ya koma kamar kunu, wai ya fi daɗin bazawa. Ni kuwa ina jin daɗi ganin aiki yana gudu. Da aka gama ya ce a riƙa yayyafa ruwa. Wanda ya san Damagaram a bazara ya san abin da wannan magana take nufi. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga su Gogo da Arunguza, kuma unguwa takan kwana ta wuni famfo bai ɗiga ba. Na sayi kurar mai garuwa biyu, aka yayyafa kwana biyu, na ce ya isa. Kwana na biyar na bar motar sukari ta hau.

Kafin damina ta biyu filin ya tsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Sama tana gari, ka sa tsintsiya ka tara siminti. Gefen da tayoyin baya suke tsayawa ya lotsa, ruwan sama ya samu wurin kwana. Araha ba ta ado, na ji a jikina.

Karo na biyu na nemo wani dattijon magini da ya daɗe yana aikin gadoji da magudanai. Ya zagaya filin, ya caka ƙarfe a ƙasa, ya ce, "Alhaji, ruwanka ne ka zuba inda bai kamata ba, ka hana inda ya kamata." Na ce, "Baba, yi mini bayani." Ya ce siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake da ruwa a hankali, kwanaki yana yi. Ruwan da ya wuce kima a kwaɓi in ya tashi sai ya bar ƙananan ƙofofi a ciki, kankare ya zama holoƙo. Wanda ake ba shi bayan an zuba kuwa shi ne abincinsa.

Mun jira har watan Nuwamba. Aka fasa tsohon aka kwashe, aka haƙe ƙasa mai laushi, aka kawo jar marmara. Nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa, don sati guda ba a buɗe buhun siminti ko ɗaya ba. A zuba marmara santimita 15, a jiƙa, a bi ta da injin daɓe, a sake zuba wata. Baba yana tafe da igiya da fegi yana fitar da gangare, santimita 2 a kowace mita, daga bakin shago zuwa lambatu. Maƙwabcina mai sayar da taya kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko gona nake gyarawa.

Saboda manyan motoci, kauri ya zama santimita 20. Baba ya ce buhun siminti 7 a kowace mita kubik, wato kilo 350, lissafi ya tashi buhu 336. Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na biya. Yashi sai da aka tankaɗe shi aka raba shi da laka, tsakuwa kuwa ta fasasshen dutse, abin da ba mu rasa ba a garin nan. Ruwa da jarka ake aunawa, kada ya wuce lita 25 a buhu, kuma ya hana kowa taɓa duro sai yaro ɗaya. Ana fara zubi bayan sallar asuba, a sa injin girgiza ya fitar da iska, a tashi kafin hantsi ya yi zafi.

Abin da ban taɓa sani ba shi ne yanka. Washegari da sassafe aka zo da inji aka tsaga daɓen a kowace mita 4, zurfin santimita 5, kwatan kaurinsa ke nan, filin ya rabu gida 15. Zuciyata ta ƙi, ga sabon abu ana yankawa. Baba ya ce, "Kankare dole ya tsage, Alhaji. Mu dai muna nuna masa inda zai tsage ne."

A wannan karo na yi cinikin tankar ruwa tun kafin a sayi siminti. Muka shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara, ana jiƙa su safe, rana da yamma har kwana 7, don iskar hunturu tana zuƙe danshi fiye da yadda mutum yake zato. Aka jera duro aka ɗaura igiya, babu motar da ta hau sai da aka cika kwana 28. Direbobi sun yi ta ƙorafi, ana dakon kaya daga bakin titi, wani abokin ciniki ma ya yi fushi ya koma wani shagon, sai bayan wata biyu ya dawo.

Damina da yawa ta wuce a kansa yanzu. Gida ɗaya ne ya tsage, na kusurwar gabas, inda muka matse da jikin tsohon ginshiƙin rumfa ba mu bar tazara ba. A gefensa akwai sawun akuya guda huɗu, ta tsallake igiya a daren farko maigadi yana barci.