Kafin ku sayi kwamin wanke-wanke a Legas

Idan mutum ya tashi sabunta kicin ɗin gidansa, hankalinsa kan tafi ne ga launin tayil da ƙofofin kabad da fitilu, sai ya bar kwamin wanke-wanke zuwa ƙarshe, lokacin da kuɗi suka kusa ƙarewa kuma ma'aikata suna neman a sallame su. Alhali kuwa babu abin da ke shan aiki a kicin kamar wannan kwami, domin tun daga wankin shinkafa da nama da safe har zuwa kankare ƙanzon tukunyar tuwo da dare, a gabansa ake tsaye. Ƙannena maza da mata da kuke shirin kafa gida ko gyara wanda kuke ciki a nan Legas, abin da zan gaya muku da kuɗin aljihuna na koye shi a gyaran kicin ɗinmu na Agege, kuma ba na so ku sake biyan kuɗin makarantar da na riga na biya.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka duk abin da aka kira silba abu ɗaya ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da daraja hawa-hawa, kuma kowace daraja tana da lambarta. Wanda ya dace da kicin shi ne mai lamba 304, wanda ke ɗauke da kuromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8, kuma waɗannan biyun ne ke ba shi juriyar ruwa da gishiri. Akwai kuma mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel aka cike gurbin da manganis domin a sauko da farashi. A cikin shago, ƙarƙashin hasken lantarki, ba za ku iya bambance su da ido ba, domin ƙyallinsu ɗaya ne. Mai shagon da na saya a wurinsa ya ɗauko maganaɗisu ya kara a jikin kwamin, bai kama ba, ya ce mini, “Alhaji, ka gani da idonka, wannan na asali ne.” Na gamsu na biya. Abin da wannan gwaji ke tabbatarwa kawai shi ne ƙarfen ba irin mai lamba 430 ba ne, wanda maganaɗisu ke kamawa, amma 201 ma ba ya kama shi, don haka gwajin bai raba shi da 304 ba. Kafin damina ta wuce, ɗigo-ɗigon tsatsa sun bayyana a kewayen magudanar kwamin da gindin famfo, a kankare yau su dawo cikin mako.

Dalilin da ya sa wannan bambanci ya fi muhimmanci a Legas fiye da Kano ko Katsina shi ne iskar garin. A arewa kwami yakan bushe da kansa jim kaɗan bayan an gama aiki, amma a nan laima ba ta barin iska, kuma iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da gishiri, wanda shi ne babban abokin gabar wannan ƙarfe. Waɗanda ke zaune a Lekki da Ajah da Obalende sun fi mu na Agege fuskantar wannan matsala. Saboda haka ku nemi lambar a buge a jikin kwamin ko a kwalinsa, ku sa a rubuta ta a rasit, kuma idan farashin ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna ku yi shakka, domin araha ba ta ado. Kasuwar kayan gini ta Odunade da ke Orile tana da shaguna masu yawa a jere, don haka ba wuya mutum ya kwatanta farashi kafin ya ciro kuɗi.

Bayan daraja sai kauri. Ana auna shi da lambar geji, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri: geji 16 ya kai kusan milimita 1.5, geji 18 kusan milimita 1.2, geji 22 kuwa bai wuce milimita 0.8 ba. Ga gidan da ake girki kullum, kada a sauka ƙasa da geji 18. Kada ku auna kaurin daga bakin kwamin, domin akwai waɗanda ake yi wa baki mai kauri a bar cikin sirit. Ku danna tsakiyar gindinsa da babban yatsa ku ji ko yana lotsawa, sannan ku kifa shi ku duba ko an manna masa baƙar robar da ke kashe ƙara. Kwami marar wannan roba, idan ruwa ya zuba a cikinsa da asuba, duk mai barci a gidan sai ya sani.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, domin ba ilimin ƙarfe ya hana ni kauce masa ba, tambaya ce kawai ban yi ba. Na zaɓi mai rami biyu saboda ya fi kyan gani, ban shawarci uwargida ba, ita da za ta tsaya a gabansa kullum. Da aka kafa shi sai ga shi babbar tukunyarmu, wadda ake dafa tuwon gida da shinkafar baƙi a cikinta, ba ta shiga ko ɗaya daga cikin ramukan. Sai dai a jingina ta a karkace a kan katangar tsakiya, ruwa yana fantsama a kan kabad da zanen mai wanki, babban tire kuwa ko a karkace ba ya shiga. Ƙarshenta uwargida ta koma bayan gida tana wanke manyan tukwane a cikin baho a tsugune, kwamin da aka kashe wa kuɗi ya zama na kofuna da cokula. Waɗanda suka zana yawancin kwamayen nan sun yi lissafi ne da ƙananan tukwane da farantai, ba da girkin gidan Bahaushe ba, inda ake iya sauke abincin mutum ashirin ranar Juma'a ko ranar suna.

Saboda haka kafin ku fita kasuwa ku auna faɗin babbar tukunyar gidan har da kunnuwanta, ku tafi da awon a rubuce, ku kuma tafi da mai wanke-wanken in da hali. A ganina rami ɗaya mai faɗin santimita 70 zuwa 75, da zurfin santimita 20 zuwa 23, ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Zurfin da ya wuce haka yana sa mutum sunkuyo, musamman da yake tsayin kantar kicin yakan tsaya ne tsakanin santimita 85 da 90, kuma ciwon baya ba ya bayyana sai an yi watanni. Ban ce mai rami biyu ba shi da amfani ba. A gidan da ruwa ke ƙaranci, inda sai an kawo wuta ake tura ruwa tanki, tara ruwan sabulu a gefe ɗaya da na ɗauraya a ɗaya gefen yana rage ɓarna ƙwarai. Amma ƙaramar roba a cikin babban rami tana yin wannan aiki, kuma ana iya ɗauke ta idan tukunya ta zo. Ku lura da kusurwoyi ma, domin kwamin da aka yi wa kusurwa a tsaye cak yana da kyau a hoto, amma maiƙo yana maƙalewa a lungun da soso ba ya kaiwa.

Game da sauran kayan da ake yin kwami da su, abin da zai yanke muku hukunci shi ne ruwan unguwarku. Yawancin gidajen Legas da rijiyar burtsatse suke rayuwa, kuma a unguwanni da dama ruwan yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai barin jan tabo. Ku shiga banɗakin gidan ku dubi farin kwamin wanke hannu. Idan kun ga ja-ja a inda famfo ke ɗiga, to haka farin kwamin tangaran zai koma a kicin. Tangaran yana da sauƙin gogewa, amma tukunyar dalma mai nauyi idan ta suɓuce tana iya ɓantare shi, kuma ɓantararren tangaran ba ya gyaruwa yadda yake. Akwai kuma wanda ake haɗawa da garin dutse kusan kashi 80 da ƙaron roba kusan kashi 20, wanda matasa ke so yanzu saboda baƙin launinsa. Ba ya ƙara kuma ba ya lotsawa, amma baƙin yana nuna farin tabon sabulu da na ruwa idan ba a share shi ba bayan aiki, mai haske kuma yana iya riƙe launin manja idan aka bari ya kwana. Ga gidan da ke da yara da yawan girki, ni dai silba mai kyau nake zaɓa.

Yadda ake zaunar da kwamin ma abin dubawa ne. Akwai mai zama a saman kanta da bakinsa a waje, akwai wanda ake liƙawa ta ƙasa domin a share ruwa kai tsaye zuwa cikinsa. Na ƙasan sai a kan dutse kamar giranit, domin idan kantar katako ce ruwa zai shiga ta bakin yankan. Mabul kuwa tsami yana cin fuskarsa, kuma kicin ɗinmu ba ya rabuwa da lemon tsami da tsamiya da tumatir. A nan na yi kuskure na uku: na bar kafinta ya yi kabad ɗin ƙarƙashin kwamin da allon garin katako, kuma silikon ɗin da aka zagaya bakin kwamin da shi bai rufe ta baya ba. Ruwa ya riƙa silalewa a ɓoye, allon ya kumbura ya yi funfuna, kyankyasai suka samu gida. Wannan kabad ɗaya, ko da sauran na allo ne, a yi shi da falankin da ke jure ruwa ko da alminiyam, ko a gina shi da bulo a sa masa tayil. Kuma ku sayi kwamin tukuna ku miƙa wa mai yankan dutse ya auna da kansa, kada a yanka rami da awon baki.

Famfo kuwa a zaɓe shi gwargwadon ƙarfin ruwan gidan. Kowace mita 10 ta tsayin tanki tana ba da ƙarfin kusan “bar” 1 (ma'aunin ƙarfin turin ruwa ke nan), don haka tankin da bai fi mita 3 ko 4 sama da famfo ba ƙarfinsa kaɗan ne, kuma famfon zamani mai tiyo da ake jawowa zai riƙa tsiyaya ne kawai in babu injin ƙara ƙarfi. Famfo mai dogon wuya da ke juyawa gefe ya isa, muddin tukunya za ta shiga ƙarƙashinsa. Ko silba mai lamba 304 ma tana da abubuwan da ba ta so: ruwan bilic da aka bari ya kwana yana huda ta, soson ƙarfe yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa a kanta, gwangwanin tumatir da aka ajiye a jiƙe yana barin zoben tsatsa.

A ƙarƙashin kwamin, ku tabbata mai gyaran famfo ya sa lanƙwasasshen bututun da ke riƙe ɗan ruwa, domin wannan ruwan ne ke tare warin kwata da ƙwari. Ku ƙi yarda da tiyon roba mai ƙunƙurori, domin manja da kitse suna daskarewa a cikinsa su toshe hanya. Bututu mai santsi ya fi, tare da matacin magudana mai faɗin milimita 90 da ake cirewa a zubar da ƙwayar shinkafa. A sa makunni na musamman a bututun da ke kawo ruwa, yadda za a iya gyaran famfo ba tare da rufe ruwan gida duka ba. Kafin ku biya cikon kuɗin aiki, ku shimfiɗa busasshiyar takarda a cikin kabad, ku toshe kwamin ku cika shi da ruwa, sannan ku sake shi gaba ɗaya mai aikin yana tsaye, domin yoyon da ba ya fitowa da ɗan ruwan famfo yakan fito idan cikakken kwami ya sauka a lokaci guda.