Abin da na gani a aikin tura yaran talakawa jami'a a Amurka

Bayan na gama digiri a nan Amurka aikin da na fara samu shi ne zama a wata sakandaren gwamnati ina taimaka wa 'yan ajin ƙarshe su nemi jami'a. Unguwa ce da yawancin iyayen ba su yi jami'a ba, wasu ma baƙi ne da Turanci ke ba su wuya, kuma kusan duk yaran suna cikin masu cin abincin rana kyauta ko a rahusa, wanda a ƙasar nan da shi ake gane makarantar talakawa. Akwai malamar da aka ɗauka musamman don ba ɗalibai shawara, amma ita kaɗai ce ga ɗaruruwan yara, ga tsara darussa, ga rabon faɗa, ga yaron da aka tashe su daga gidan haya, ina za ta samu lokacin zama da kowa. Ƙungiyar masu wannan aikin, ASCA, cewa ta yi mutum ɗaya ya riƙe yara 250, makarantu da yawa kuwa sun wuce haka. Shi ya sa ake turo irinmu sabbin gama karatu mu kama musu, tun 2005 aka fara irin wannan a Jami'ar Bajiniya, shi ne daga baya ya zama College Advising Corps.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin namu zaburar da yara ne, a tara su a yi musu lacca kan amfanin ilimi. Wallahi ba nan matsalar take ba. Ka shiga aji ka ce wa ke son zuwa jami'a, hannuwa za ka gani a sama kusan duka. Inda ake zubewa shi ne takardu. Yaron mai kuɗi yana da uwa ko yaya da ta san wata nawa ake yin kaza, wani ma an biya masa mai shirya shi, namu kuwa in bai ji a bakina ba to babu inda zai ji, kuma ko ya ji ɗin ba lallai ya yi ba sai an zauna da shi.

Babban abin shi ne FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Kyauta ake cikewa, bisa al'ada ranar 1 ga Oktoba ake buɗe shi, kuma ta nan ake samun tallafin Pell wanda ba bashi ba ne, mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Jihohi da su kansu jami'o'in ma da shi suke duba wa za su ba nasu kuɗin. Amma sai ka ga yaro ya cancanta ɗari bisa ɗari bai cike ba, rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Akwai binciken da aka wallafa a 2012 da aka yi a ofisoshin H&R Block masu cike wa mutane takardun haraji, wasu iyalai aka ba su bayani kawai na nawa za su iya samu, wasu kuma aka zauna aka cike musu fom ɗin nan take. Waɗanda aka taimaka wa da cikewa shigarsu jami'a ta ƙaru sosai, masu bayani kawai kusan babu wani canji. Abin da na gani da idona ke nan. Takardar sanarwa in na raba, a ƙasa nake tsintar ta, amma in na ce zo zauna buɗe kwamfutar nan yanzu, sai a gama.

Kuma fom ɗin ba na yaro kaɗai ba ne, sai iyaye sun buɗe nasu akawun sun yarda a ɗauko bayanin harajinsu, a nan ake daɗewa. Uba yana aikin dare, uwa tana tsoron duk abin da ya haɗa sunanta da gwamnati, wata kuma gani take kamar tonon asiri ne baƙo ya san abin da suke samu a shekara. Da yamma nake kiransu, sau da yawa yaron ne tafinta a tsakani, kuma ba na fara maganar fom sai na gaishe su na tambayi aiki na yabi ɗan nasu da abin da na san gaskiya ne. Wata uwa ta ce min, ɗana, ni dai kar a sa min yarinya bashin da zai hana ta barci. Tana da gaskiya kuwa, don haka na ce mata Mama bari takardun su fito mu duba tare, in bashi ya yi yawa ni zan fara ce miki a bari.

Takardun nan na tayin tallafi da jami'o'i ke aikowa wajen Maris da Afrilu, su ne abin da ya fi ɓata min rai a duk harkar. Kowace makaranta da yadda take rubuta nata, sai ka ga an jera kyauta da bashi wuri ɗaya an haɗa jimla an rubuta ta da manyan baƙi kamar duka alheri ne, har da bashin da iyaye ne za su ci, Parent PLUS, wasu sukan sa shi a ciki don lissafin ya nuna ba saura. Kuɗin aikin cikin makaranta ma a saka, alhali sai yaro ya nemi aikin ya yi sannan a biya shi kaɗan kaɗan, ba ya rage bil ɗin farkon zango. Abin da nake yi biro da takarda, mu rubuta kuɗin shekara gaba ɗaya, na karatu da ɗaki da abinci da littattafai da mota, mu cire abin da ba a biya kawai, abin da ya rage shi ne ainihin farashin. Ɗan shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa dala 5,500 ce iyakar bashin gwamnati da zai ci da sunansa, in giɓin ya wuce haka da nisa sai mu yi maganar gaskiya. Wani lokacin gaskiyar ita ce kwalejin shekara biyu ta kusa da gida sannan ya yi tiransifa, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba, duk da na san masu son a ƙirga yara nawa aka tura manyan jami'o'i ba sa son jin haka.

Sai kuma akasin haka, yara masu ƙwaƙwalwa da ba sa ko neman manyan makarantu don sun ga farashin a intanet sun tsorata. Masu bincike Caroline Hoxby da Christopher Avery sun nuna cewa yawancin yaran talakawa masu maki sosai ba sa neman jami'o'in da ke tace ɗalibai, alhali waɗannan ɗin ne ke da kuɗin da za su ɗauke musu kusan komai, har ta kan fi musu arha a kan ta jiharsu. Kuɗin fom ɗin neman gurbi ma ana yafe musu, akwai kuma Common App, fom ɗaya na neman gurbi da makarantu sama da 1,000 ke karɓa.

A fom ɗin akwai wajen rubuta abin da ɗalibi ke yi bayan aji, wata yarinya ta bar shi fayau ta ce ita ba ta yin komai. Da na bi diddigi ashe ita ke ɗauko ƙannenta daga makaranta kullum ta yi musu girki, Asabar da Lahadi kuma tana aiki a kanti. Duk wannan ana rubutawa, akwai gurbinsa. Amma wajen da ɗalibi ke rubuta labarin kansa a kalma 650 ba na yarda a matsa wa yaro sai ya baje wahalar gidansu don a tausaya masa, in yana so ya faɗa, in ba ya so ya rubuta kan gyaran keke.

Ranar 1 ga Mayu yawancin jami'o'i ke so a ba su amsar ko an karɓi gurbin, a yi hotuna da rigunan jami'o'in, kowa ya ɗauka an gama. Ba a gama ba fa. Benjamin Castleman da Lindsay Page sun yi bincike kan yaran da ke samun gurbi amma Satumba ta zo ba su je ba, abin ya fi yawa a cikin talakawa. Dalilan ƙanana ne, an nemi ƙarin takardar tantance kuɗin shiga, ba a biya kafin alƙalamin ɗaki ba, katin rigakafi, rajistar makon sabbin ɗalibai, duk ta imel ake aikowa ko a shafin jami'ar da yaron bai taɓa buɗewa ba, makaranta kuma an yi hutu babu wanda zai tambaya. Shi ya sa tun farkon shekara nake hana su amfani da imel ɗin sakandare, don wasu makarantun rufe shi suke yi bayan an yaye su. A hutun kuwa tes nake bi da su ɗaya bayan ɗaya, ba irin na ya ake ciki ba, don shi lafiya lau kawai za a amsa maka, sai dai in ce ka buɗe shafinka yau ka ɗauki hoton abin da ya rage ka turo min kafin dare.