Motar mahaifina da kajin da suka fake a ƙarƙashinta

Ƙannena, idan Allah ya sa wata tsohuwar mota ta faɗo hannunku, ta gado ce ko ta saye, kuma ba ku da wurin ajiye ta sai rumfar gona da kaji ke shiga da fita, ku tsaya ku ji abin da ya same ni.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar min Volkswagen Beetle ƙirar 1965, irin mai inji a baya, wadda iska ke sanyaya ta, ba ruwanta da lagireto. An daina ƙera irinta tun 2003, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko, don haka na san darajar abin da ke hannuna. Na tura ta cikin rumfar da muke ajiye kayan noma, na lulluɓa mata tamfol, na ce sai na samu sarari. Shekara huɗu ban sake ɗaga tamfol ɗin ba. A ganina, tunda rana ba ta dukanta, ruwa ba ya taɓa ta, ai na adana ta.

Kaji ne suka fara tarewa, kuma har yau ban ga laifinsu ba. Akurkinsu yana yoyo, kullum ina cewa gobe zan gyara. Kaza kuwa abin da take nema sananne ne: wuri mai ɗan duhu, mai rufi a sama saboda shaho da shirwa, mai busasshiyar ƙasa da za ta yi birgima. Ƙarƙashin mota ya haɗa duka ukun. Zabi suka biyo baya, tantabaru suka kama azarar da ke daidai saman motar. Ina son ganinsu sosai. Idan hadari ya taso sai su yi layi a ƙarƙashin matakin ƙofa, sun kumbura gashi, 'yan tsaki na leƙowa ta bayan taya. Saboda jin daɗin wannan kallo na riƙa watsa musu tsaba a nan cikin rumfar. Wannan tsabar ce ta gayyato min ɓeraye, kuma cikin duk kurakuraina babu wanda ya kai shi ɓarna.

Ranar da na yaye tamfol ɗin sai da idona ya kawo ruwa. Tamfol ɗin ya yage ta sama tun yaushe, kashin tantabaru ya taru a rufin motar ya bushe kamar siminti. Tsuntsu ba ya fitsari daban. Wannan farin da kuke gani a kashinsa sinadarin yurik asid ne, kuma idan ya daɗe a kan fenti sai ya ci shi. Da na wanke, shatinsa na nan daram, wasu wuraren har ƙarfe ya fito. Tamfol na roba da nake zaton kariya ne ashe shi ya riƙe damshin da ke tasowa daga ƙasa, ya haɗu da warin kashin kaji, tsatsa ta samu gida. Ta ci ƙasan ƙofofin nan biyu, wurin da bututun iska mai ɗumi yake bi daga inji zuwa gaba, wanda kuma shi ne ke riƙe da jikin motar.

Gilashin gefe ɗaya na bar shi bai rufu ba. Ta nan wata jar kaza ta riƙa shiga, na same ta tana kwanci a kujerar baya a kan ƙwai goma sha ɗaya. Ban iya korarta ba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, na jira ta gama. Da na ɗaga kujerar ne na ga abin da ya fi tayar min da hankali. A Beetle batir yana ƙarƙashin kujerar baya ne, ni kuwa ban taɓa cire shi ba. Ya fashe, ruwansa ya huda ƙasan motar, ɓurɓushinsa yana zuba daidai inda kaji ke tono. A watannin baya kaji biyu sun mutu min, sun rame, fikafikai sun saki, na ɗauka ciwon da aka saba ne. Likitan dabbobi ya ce min dalma ce, ta cikin batir, kuma ya hana mu cin ƙwan kajin, domin dalma tana ratsawa cikin ƙwai, yara ƙanana kuma ta fi yi wa illa. Ina ta jimamin abin da kaji suka yi wa motar, ashe ita ma tana cutar da su, tana neman cutar da iyalina.

Daga nan na sake yin wani ganganci: na ɗauki tsintsiya na share busasshen kashin nan, ƙura ta turnuƙe rumfar, ban rufe hanci ba. Na yi kwanaki ina tari. Akwai ƙwayar cuta da ke tsirowa a ƙasar da kashin tsuntsaye ya daɗe a kai, tana kama huhu idan aka shaƙi ƙurarta. Ku yayyafa ruwa tukuna, ku sa takunkumi da safar hannu, ku kwashe da shebur.

Da na so in sa sabon batir in murza makulli, bakaniken da na kira ya riƙe hannuna. “Yallaɓai, bari mu duba tukuna,” in ji shi. Ya kwance rufin fankar da ke sanyaya injin, ya ciro sheƙar ɓera cike da hannu biyu, ciyawa da gashin kaji da audugar kujera. Inji mai sanyaya da iska idan hanyar iskarsa ta toshe sai ya ɗau zafi, ga busasshiyar ciyawa a kansa, ga wayoyin da ɓeraye suka gwaigwaye, ga tsohon fetur da ya zama danƙo a kabureta. Da wuta ta tashi, da rumfar da kajin duk sun tafi. Ya kuma sa muka tura ta waje kafin a tayar, saboda hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana saurin kashe tsuntsu. Shi ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da tsuntsun kanari har zuwa 1986, don ya nuna musu gurɓatar iska.

Idan da zan sake farawa, da akurki zan fara, ba da mota ba. Korar kaji daga rumfa wahalar banza ce muddin ba su da wurin da ya fi ta. Ku gyara rufinsu, ku sa musu sandar kwana da kwandunan ƙwai a lungu mai duhu, abincinsu kuma nesa da rumfar. Sai ku zagaye motar da ragar waya, ku toshe inda tantabaru ke sauka. Ku cire batir, ku tsiyaye fetur, ku ɗora ta a kan katako don tayoyi su huta, kada ku ja birkin hannu domin yana maƙalewa. Abin rufi ya zama na yadi mai shan iska. Ɓeraye kuwa tarko za ku ɗana musu, kada ku zuba guba inda kaza za ta tsinta.

Yanzu duk wata nakan shiga in buɗe ƙofofi, in leƙa ƙarƙashi da tocila, in juya injin da hannu. An yi mata walda a gefen dama, na hagu yana nan yana jira. Ƙasar da ke ƙarƙashin inda batirin ya zuba na kankare ta na raba ta da gonar, kuma jikokin jar kazar nan suna kwana a akurkinsu.