Asabar, 29 ga Maris 2025: jajibirin Sallah a Manchester

Ban koma barci ba bayan sallar asuba. Yau 29 ga Ramadan, kuma jikina ya ba ni gobe Sallah, shi ya sa na fara kwaɓin cincin tun yara ba su tashi sun cika mini kicin ba.

Fulawa kilo 2, bota, sukari, madarar gari, ƙwai, ɗan bakin foda, sai gyaɗar ƙamshi da na goga da hannuna. A kantunan garin nan fulawa iri biyu ce, akwai wadda an riga an haɗa ta da bakin foda, akwai zalla. Zallar nake saya, domin waccan tana sa cincin ya kumbura ya sha mai, ya rasa ƙaras-ƙaras ɗinsa. Da azumi a baki ba na son ɗanɗana kwaɓi, don haka autana da bai fara azumi ba shi ya zama alƙali. Ya ce a ƙara sukari, na ƙara kaɗan.

Dubulan ne ya cinye mini safiya. A gidanmu na Kano ba aikin mutum ɗaya ba ne. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, wata na murzawa, wata na yanka, yayata na naɗi, Umma na bakin murhu tana suya tana tsomawa a ruwan sukari. A nan ni da babbar 'yata ne kawai. Na nuna mata yadda ake murza kwaɓin ya yi siriri, a yanka, a naɗe shi ya yi saƙa. Na farkon sun karkace, amma kafin mu gama hannunta ya faɗa, har naɗinta ya fi nawa tsari. Na matsa lemon tsami a ruwan sukarin don kada ya daskare ya koma gari a jikin dubulan. Kek kuwa na bar wa oven, a zafi 180, na buɗe taga saboda na'urar ƙararrawar hayaƙi da ke silin ba ta jure suyar mai.

Wajen ƙarfe 11 Abban yara ya leƙo ya ce mu fito, an yi kusufin rana. Wata ne ya gitta tsakaninmu da rana ya rufe wani gefe nata, abin da ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci. Ya hana yara ɗaga kai su kalla da ido, sai ya ɗauko kwandon tace taliya ya riƙe a saman farar takarda. Da gajimare ya ɗan yaye, kowane huji ya fitar da siffar rana a gutsure. Muka koma ciki muka yi salla raka'a biyu.

Bayan azahar na koma kan gyaran gida, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai bana. Watannin sanyi a ƙasar nan suna barin alama: gumi a gilashin taga kowace safiya, baƙin fumfuna a kusurwoyi, iska mai nauyi saboda an daɗe ba a buɗe ko'ina ba. Na sauke labule masu kauri, na goge tagogi, na wanke firam ɗinsu, na rataya farare marasa nauyi. Nan take falon ya yi haske. Na sayo damin furen daffodil, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da ke fitowa ko'ina a watan Maris. A rufe ake sayar da shi, sai an yanke gindinsa an sa a ruwa yake buɗewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yara suka hura balan-balan, muka rataya fitilu masu siffar jinjirin wata a jikin bango.

Wata ƙawata tana ganin duk wannan kwaikwayon Turawa ne. Ni ban yarda ba. A Kano yaro ba ya bukatar a gaya masa Sallah ta zo: shagon tela a cike, masu lalle sun yi layi, kasuwar Kwari ba masaka tsinke, ana gyaran dawakin hawa. A nan titi shiru yake. Abin da yarana ke gani a kantuna tun watan jiya shi ne ƙwan cakulan da zomaye na bikin Ista, wanda sai 20 ga Afrilu za a yi. In gida bai nuna musu ranarsu ta zo ba, babu mai nuna musu. Da ma share gida da canza labule da zanin gado kafin Sallah ai abinmu ne tun kakanni, fure da fitilu kawai na ƙara.

Da la'asar na aika 'yata da kwanon cincin da dubulan gidan tsohuwar maƙwabciyarmu. Sai ga ta da kanta, riƙe da faranti. Gobe ranar iyaye mata ce a Birtaniya, ta gasa kek ɗin da suke kira simnel, mai busassun 'ya'yan itatuwa, an shafe samansa da kwaɓin almon da sukari, an jera masa ƙwallaye 11, adadin almajiran Annabi Isa in an cire Yahuza. Kafin in tambaya ta ce ba ta sa giya ba, saboda ta san za ta kawo mana. Wannan kulawar tata ta shiga raina ƙwarai. Ta tsaya tana juya dubulan a hannu tana tambayar yadda aka yi saƙar.

Labarin ganin wata a Saudiyya ya iso mana tun rana ba ta faɗi ba. Masallacinmu ya ce gobe Lahadi, wasu masallatan garin kuma sai Litinin. Bayan mun sha ruwa na kira gida.

"Umma, barka da shan ruwa. Ya zafi?"

"Zafi sai godiya, 'yar nan. Sarkin Musulmi ya sanar, gobe ne. Kin fitar da zakkar kono?"

"An fitar, Umma."

"Dubulan fa?"

Na juya mata kyamara ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a kira mata jikarta ta sa mata albarka.

Cikin daren nan za a tura agogo gaba da awa ɗaya, barcinmu zai ragu ke nan, ga Idi da sassafe. Na kunna turaren wuta a kaskon lantarki, na zuba cincin a robobi na rufe. Saura gugar kayan yara da jiƙa shinkafar waina.