Tafiyata Maraɗi neman tabaron hangen nesa mai kafaɗa

Ranar Litinin da ta wuce na dawo gida Katsina daga Maraɗi bayan kwana huɗu, kuma har yanzu ban gama ba iyali da abokai labarin abin da na gani ba. Abin da ya kai ni shi ne tabaron hangen nesa na marigayi mahaifina, wanda ya zo da shi daga aikin hajji tun ina yaro. A daminar bana ya faɗo daga kan kanta, tun daga ranar kuma yake nuna kowane abu biyu-biyu, ta yadda leƙawar minti ɗaya ta isa ta sa wa mutum ciwon kai. Na zagaya da shi wurin masu gyaran agogo da masu gyaran waya a gida, kowa ya jujjuya shi ya miƙo mini abina. Ɗan baffana da ke zaune a Maraɗi ne ya ce akwai wani dattijo a bayan babbar kasuwarsu da ya san cikin irin waɗannan kaya, yana kuma sayar da tsofaffi waɗanda suka shigo cikin gwanjon Turai ta tashar jirgin ruwan Kwatano.

Hanyar ba ta kai kilomita 100 ba, ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma ba abin da ya tsaya mini a rai a cikinta sai canjin kuɗi, inda na miƙa damin naira aka ba ni 'yan takardun sefa da suka shige aljihun gaba ba tare da sun tasa shi ba. Sai kuma lissafin dala, wanda kullum yake ɗaure wa baƙo kai: idan mai shayi ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, jika kuwa sefa 1000 ce. Bakatsine ba ya jin baƙunta a Maraɗi, domin sarakunan Katsina na Haɓe da suka bar birni bayan jihadi a 1807, zuriyarsu ce ke sarautar wannan gari, shi ya sa har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Yayana, wato ɗan baffan nawa, ya sauke ni a ɗakinsa, shi ya koma zaure, kuma a kwana huɗun nan bai bar ni na biya ko kuɗin kabu-kabu ba. Duk lokacin da na sa hannu a aljihu sai ya ce, "Haba ƙanena, a gidanku kake."

Kafin mu kai ga dattijon mun ratsa ta layin masu kayan lantarki, inda wani saurayi ya tare ni da wani tabaro mai gilashi ja jawur, mai ƙyalli kamar idon zakara, an rubuta 60x60 a jikinsa. Ya ce da shi ana ganin mutum daga nan har Tibiri, ya kuma yi masa kuɗi jika 25. Duk wanda ya san ma'anar lambobin nan zai gane cewa rubutun bai yi daidai da kayan ba. Lamba ta farko ita ce sau nawa abin ke kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Gilashin wannan kuwa bai fi faɗin bakin kofin shayi ba, sannan hannun ɗan'adam da ƙyar yake iya riƙe mai kusantowa sau 10 ko 12 ba tare da hoton ya yi rawa ba, balle sau 60. Jan fentin ma cutarwa yake yi, domin jan haske yake korewa, shi ya sa da na leƙa sai na ga kasuwar ta koma kore-kore kamar ana kallonta ta cikin kwalba. Abin da ya burge ni shi ne saurayin bai ɓata rai ba da na mayar masa. Ya ce, "Ba komai Alhaji, Allah ya kaimu wani jiƙon," ya ma nuna mana lungun da za mu bi. A wasu kasuwanninmu na gida, wanda ya taɓa kaya bai saya ba sai ya tafi da baƙar magana a kunnensa.

Rumfar dattijon ba ta fi taku uku ba, cike da agogunan bango da tsofaffin kyamarori. Bayan gaisuwa ya karɓi tabaron mahaifina, ya girgiza shi kusa da kunne, ya ce, "Malam, gilashin ciki ne ya goce." Ya kwance murfin kafaɗar hagu ya nuna mini abin da ban taɓa gani da idona ba ko da yake na karanta labarinsa: dunƙulen gilashi biyu masu kusurwa uku, waɗanda ake kira firizim, ɗaya a gicciye da ɗaya. Gilashin gaba shi kaɗai hoto yake kawowa a kife kuma a juye, waɗannan biyun su ke karkatar da hasken sau huɗu har hoton ya miƙe, suna kuma naɗe doguwar hanyar hasken cikin gajeren jiki. Wani Ba'italiye mai suna Ignazio Porro ne ya yi rajistar wannan dabara a 1854, kamfanin Zeiss na garin Jena a Jamus kuma ya fara ƙera irinsu don sayarwa a 1894. Zaman firizim ɗin a haka ne ke sa gilasan gaba su fi na ido nisa da juna, abin ya fito da faffaɗar kafaɗa, shi ya sa Baba, wato dattijon mai gyara, ke kiran wannan samfuri mai kafaɗa, na zamani kuma yana ce masa miƙaƙƙe.

Ya mayar da firizim ɗin mazauninsa, ya yi ta juya zoben gilashin gaba kaɗan-kaɗan yana leƙen wayar lantarki da ke ƙetaren titi, har hoton ya haɗe ya zama ɗaya. Amma bai ɓoye mini ba cewa gefen firizim ɗin ya ɓantare, don haka wata inuwa za ta riƙa fitowa a ƙasan hoton har abada. Ya ce in ajiye shi don tunawa da mai shi, in kuma aiki nake so ya yi mini, to in duba waɗanda ke cikin akwatinsa.

Guda huɗu ya fito da su, dukansu masu kafaɗa: 8x30 na Jamus ta Gabas, 8x30 na Tarayyar Sobiyet, sai na Jafan biyu, 7x50 da 8x40. Na tambaye shi dalilin da ba ya ajiye miƙaƙƙu, alhali su ake yayi. Ya ce miƙaƙƙe mai kyau yana nan a duniya, amma kuɗinsa ba na kasuwar Maraɗi ba ne, mai arha kuwa bai kama ƙafar mai kafaɗa ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma tana da dalili. A tsarin Porro haske yana dawowa da kansa daga cikin gilashin ba tare da an shafa masa ruwan madubi ba, don haka kusan ba a asarar komai a wurin juyawar. Yawancin miƙaƙƙu kuwa sai an shafa wa fuska ɗaya ruwan madubi, a ƙara wani shafi na musamman don kada hoton ya dusashe, sannan a yanka kusurwar gilashin da daidaito mai tsanani, kuma duk wannan kuɗi ne. Idan farashi ɗaya ne, mai kafaɗa ya kan fi haske da kaifi.

Na ɗauki ɗaya zan kai ido, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kada ka fara da leƙawa. Miƙe hannunka, ka ɗaga shi wajen haske, ka dubi ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido." A na 8x40 ɗigon ya fito da'ira sosai, mai haske har bakinsa. A na 7x50 kuwa tsakiyar ta yi kama da murabba'i, gefunan sun yi toka-toka. Bambancin irin gilashin firizim ne, mai da'ira shi ake kira BaK-4, ɗayan kuma BK-7. Da rana tsaka, lokacin da ƙwayar idon mutum ta tsuke zuwa milimita 2 ko 3, ba lalle ne a ga bambanci ba, sai da magariba yake bayyana. Faɗin ɗigon nan ma lissafi gare shi, ana raba lamba ta biyu da ta farko: 7x50 yana ba da milimita 7 da ɗoriya, 8x40 yana ba da 5, 8x30 kuma bai kai 4 ba. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har milimita 7 a cikin duhu, amma ta wanda ya haura hamsin irina sau da yawa ba ta wuce 5, saboda haka zan ɗauki nauyin kusan kilo guda a wuya ne don hasken da idona ba zai karɓa ba.

Daga nan ya sa na kunna fitilar waya na haska ta gilashin gaba. A cikin na Jamus, wanda tun farko shi raina ya fi kwanta da shi saboda faɗin filin da yake nunawa, sai ga wasu siraran zare kamar saƙar gizo-gizo a jikin firizim. Funfuna ce ta kama shi a wani wuri mai laima kafin ya iso nan, kuma idan ta daɗe tana cin siririn shafin da ake yi wa gilashin don rage komawar haske. Baba da kansa ya nuna mini, ko da yake shi ne mafi tsada a cikinsu. Na Sobiyet tsakiyarsa kaifi gare ta ƙwarai, jikinsa kuma kamar a buga ƙusa da shi, sai dai yana rina komai da ruwan ɗorawa, har farar rigar yayana ta zama kamar ta kwana a ƙura. Game da shafin gilashi, ya ce in dubi fuskata a gilashin gaba: in na gan ta sarai kamar a madubi, haske ne ke komawa waje, in kuwa ta yi duhu da ɗan shuɗi ko kore, to hasken yana shiga. Kowace fuskar gilashi marar shafi tana mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na haske, fuska goma kuwa sun isa su cinye sulusinsa.

Bai ɓoye aibin masu kafaɗa ba. Gadar da ke ɗauke da gilasan ido tana shiga tana fita idan ana saita gani, tana zuƙar iska da ƙura, faɗuwa ɗaya kuma tana iya gotar da firizim kamar yadda ta faru da na mahaifina. A ƙasa mai hazo irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ya yi abin da ban zata ba. Ya naɗe 8x40 da 7x50 a tsumma ya ce in tafi da su in gwada da magariba da kuma sassafe, in dawo mu yi ciniki. Bai karɓi ko dala ba, bai kuma nemi katin shaidata ba, sunan unguwar yayana kawai ya tambaya. Na daɗe ban ga an yi wa baƙo irin wannan amana a kasuwa ba.

Da magariba na hau soron gidan na auna su da hasumiyar wani masallaci. Duka biyun sun nuna ɗan launin shunayya a gefen hasumiyar idan ta matsa bakin hoto, amma a tsakiya tas suke, kuma a idona 7x50 bai fi ɗan'uwansa haske ba. Washegari bayan asuba muka nufi tafkin Madarunfa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, wurin da ake ziyartar kaburburan waliyyai 99 da mutanen yankin ke ambato. A nan ne na gane amfanin faɗin kafaɗar nan. Garken kirinjijiya na kan ruwa, bayansu masunci a cikin kwalekwale, bayansa kuma wani zalɓe a tsaye cikin ciyawa, sai na ga kowanne a matsayinsa, tazarar da ke tsakaninsu ta fito fili kamar mutum zai miƙa hannu ya ratsa. Na bi wata shirwa da 8x40 har ta sauka ba tare da hannuna ya gaji ba. Wani yaro mai kiwon awaki ya roƙi ya leƙa, ya hango ƙauyensu a ƙetaren ruwa ya yi ta kiran sunayen mutanen da yake gani.

A hanyar komawa wani mai kaki ya tsayar da mu a shinge, ya ga tabarau biyu a jakata, nan take ya ɗaure fuska. Ban ga laifinsa ba da ya yi tambaya, domin kowa ya san halin da dazukan bakin iyakar nan suke ciki, kuma irin wannan kaya yana iya zama na mai leƙen asiri. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda ya riƙa yi mini tsawa da "kai" alhali na haife shi, ya kuma jefa su kan benci kamar takalma, bayan na gaya masa cewa amanar wani ce. Sai da yayana ya yi ta "Yallaɓai, a yi haƙuri" kusan rabin awa kafin ya sake mu. Da muka isa, abin da na fara yi shi ne gwada su da wayar lantarki, na gode Allah da ba wanda ya goce.

Baba ya sa wa 8x40 jika 45, na taya 30, ya ce albarka, muka daidaita a 36 har da kuɗin gyaran na mahaifina. Da ya ji labarin shingen sai ya rubuta mini takardar shaidar saye da Faransanci, ita na nuna a iyaka aka bar ni na wuce ba dogon zance. Na sayi kilishi da ƙuli-ƙuli na tsaraba, ban samu zuwa Tibiri ba. Daren da na iso gida na hau soro na duba Kaza da 'Ya'yanta, taurarin suka fito ɗigo-ɗigo kamar tsinin allura har kusa da bakin hoto, inda suka ɗan ja wutsiya. Matata ta ɗinka wa 8x40 ɗin jakar yadi mai zariya, a cikinta yake kwana tun da hazo ya fara sauka.