Ƙotar tsinke a wasan buɗe kwaɗo

Sana'ata gyaran waya ce a Birnin Kebbi, amma abin da ke ɗauke mini hankali bayan sallar isha'i shi ne kwaɗo. Ina sayen kwaɗuna da kuɗina, sababbi da tsofaffi, in zauna in buɗe su ba da makulli ba, in kulle, in sake buɗewa. A Turai wasa ne mai ƙungiyoyi har da gasa. Jamusawa sun kafa tasu ƙungiyar, SSDeV, a 1997, a Holan kuma akwai TOOOL. Ƙa'idoji biyu na masu wasan na riƙe hannu bibbiyu: kada ka taɓa kwaɗon wani sai da izininsa, kada kuma ka yi gwaji a kan wanda ke tsare maka ƙofa, don yana iya lalacewa. Na ƙara wa kaina ta uku, kayan nan ba sa fita daga ɗakina, domin wanda ya gan su a aljihunka ba zai tsaya jin bayani ba.

Yawancin kwaɗunan kasuwarmu, su Tri-Circle da ire-irensu, an gina su ne a kan tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865. A ciki akwai zuciya mai juyawa, da 'yan fil na tagulla a jere, kowanne da sifirin yana danne shi. Makulli kan ɗaga kowane fil daidai inda ya kamata, sai zuciyar ta juya. Mai wasa kuwa da ƙarfe biyu yake aiki. Ɗaya na ɗan murɗa zuciyar, ɗayan tsinke ne mai lanƙwasasshen baki da ke ɗaga fil ɗaya bayan ɗaya. Ido ba ya ganin komai a ciki. Duk labarin da ke fitowa daga kwaɗon ta jikin ƙarfe yake biyowa ya iso yatsa: wannan fil ya cije, wancan yana lilo, wannan ya zauna da 'yar ƙara ƙis. Ƙota ce ke tsakanin yatsa da wannan labari. Tana iya isar da shi, tana iya haɗiye shi.

Kayana na farko irin masu arhan nan ne da ake odarsu ta intanet, masu zuwa da kwaɗon roba garai-garai na koyo. Tsirara suke, ba ƙota, kuma da yake inji ne ya datso su daga falle, gefensu na da kaifi. Ba su yanka, amma in ka daɗe riƙe da su sai ka ga layi ya kwanta a gefen yatsanka na tsakiya. Ga kuma yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi na haura digiri 40, in babu wuta da dare gumi har tafin hannu. Ƙarfen sai ya riƙa sulɓewa, kai kuma ka ƙara damƙa, da ka ƙara damƙa yatsu su sandare, da sun sandare ka daina jin komai. Da hunturu kuma fata ta bushe ta tsattsage, kaifin nan ya riƙa neman tsagar.

Salatif na masu wayarin na fara naɗawa. Da zafi gam ɗinsa narkewa yake, ya bar yatsa da danƙo, ƙura ta bi ta manne. Daga nan na yanko tiyo siriri na zura ƙarfen ciki. Wannan kam hannu ya huta sosai, sai dai kwaɗon ya yi mini shiru. Kwaɗon da na saba buɗewa cikin sauƙi ya koma ina lalube, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa da safar hannu. A nan na gane cewa taushi da ji ba su cika zama wuri ɗaya ba. Duk abin da ke lotsewa a ƙarƙashin yatsa yana shanye girgizar da kake nema.

Abin da ya fara yi mini daidai a teburin sana'ata yake: robar nan da muke zura wa wayar lantarki, wadda ke tsukewa in ta ji iska mai zafi. Ninki ɗaya yana kashe kaifi, ninki biyu yana ba yatsa wurin zama, kuma da yake tana manne wa ƙarfe kam-kam, ji bai ragu sosai ba. Na uku ya yi yawa. Aibinta ɗaya, gumi na shiga ƙarƙashinta ta baki, in ƙarfen ba mai jure tsatsa ba ne za ka tarar ya yi ja bayan damina. Nakan goge ƙarfen da ɗan mai in tsane shi kafin in zura.

Katako ya fi ta a wurina. Wani kafinta ya fere mini 'yan fallaye na maɗaci, na sa ƙarfen a tsakiya na haɗe da gam mai ƙarfi irin mai kwaɓi biyu. Sharaɗin shi ne ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, kada a soka bakinsa kawai. Busasshen katako mai tauri ba ya haɗiye girgiza, ba ya ɗaukar zafi, ba ya santsi da gumi. Amma kowane falle kada ya wuce milimita biyu. In ƙota ta yi kauri, nauyi ya koma baya, bakin tsinken ya riƙa ɗagawa da kansa.

Wadda na fi so a yanzu ta fata ce. A nan kam na saɓa wa ƙa'idata ta uku, na kai wa wani dattijo baduku tsinke guda a kasuwa, ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗana, mi za ka yi da wanga ƙarfe?" Na yi masa bayani, na nuna masa hoton kwaɗunana a waya. Ya ce, "To, kirgi ba ya yi maka, ya yi kauri. Jar fatar akuya za mu sa, mu kankare ta." Na ce, "Baba, ina tsoron ɗinki ya dame ni a yatsa." Ya ce a jiƙa ta a ja ta sosai, ɗinkin ya koma ƙasa inda yatsa ba ya zama. Da ta bushe sai ta kama ƙarfen tamau. Gumi ba ya sa ta sulɓi, shanye shi take yi, kuma tana daɗa daɗin riƙo da tsufa. Ban taɓa riƙe ƙotar kamfani da ta kai ta dacewa da zafinmu ba, ko da yake na roba mai tauri da wasu kamfanonin waje ke yi ma ba laifi.

Kafin duk wannan akwai aikin da ya fi ƙota amfani, kuma kusan kyauta ne: gugar ƙarfen da samfefa. Ina farawa da mai lamba 400, in koma 1000, in gama da 2000, har gefen ya yi sumul. Yatsa ya huta, tsinken kuma ya daina karce tagulla a ciki, don haka abin da kake ji motsin fil ne zalla, babu ƙaiƙayin gefe.

Kaurin tsinke ma na da ruwa da tsaki. Wanda aka fi sayarwa inci 0.025 ne, wato kusan milimita 0.64, ya dace da kwaɗuna masu faɗin kafar makulli irin na Amurka da yawancin na kasuwarmu. Akwai na 0.018 da 0.015 don matsattsun kafofi irin na Turai. Sirara sun fi cin yatsa, sun fi saurin lanƙwashewa, su suka fi bukatar ƙota. Mai fara koyo ya tsaya a kan mai kauri.

Mutane kan manta da ƙarfen murɗi, alhali shi yatsa ke dannawa tun daga farko har ƙarshe ba hutu. Nawa daga tsohuwar waifar mota nake yinsa. Akwai siririn ƙarfe a jikin robarta, makanikai zubarwa suke yi. In na lanƙwasa bakin, sai in murɗe jikin da filaya yadda yatsa zai zauna a kan faɗinsa maimakon kaifinsa. Murɗin na sa shi ɗan lanƙwasuwa, abin da ke taimakon mai nauyin hannu, amma yana rage ji kaɗan. Ga kwaɗo mai wuya na fi son miƙaƙƙe mai tauri, in sa masa guntuwar roba daidai inda yatsa ke taɓawa kawai. Wasan na dogon zama ne tun asali. Lokacin da Alfred Hobbs, Ba'amurke, ya buɗe shahararren kwaɗon Bramah a Landan a 1851, sa'o'i 51 ya kwashe cikin kwana 16. Hannun da ke ciwo ba zai iya irin wannan haƙuri ba.

Hannun hagu ma yana da haƙƙi. Riƙe kwaɗo da danna ƙarfen murɗi a lokaci guda na sa jijiyar babban yatsa ta ɗaure. Na samo ƙaramin abin matse ƙarfe irin na masu walda, na ɗaure shi a bakin tebur, na sa ƙyalle don kada ya ci jikin kwaɗon. Riƙon tsinke kuwa irin na biro nake yi, yatsan tsakiya a kan tsiraicin ƙarfen gaban ƙota, saboda haka nake barin wurin ba rufi.

Abokina da muke wasan tare direba ne mai manyan yatsu, shi ƙotar katako mai kauri ya fi so, tawa ta fata ya ce ɓacewa take a hannunsa. Don haka in zan gwada sabuwar ƙota, kwaɗon da na fi sani nake ɗaukowa, in rufe ido in ƙirga fil ɗinsa da tsinken. In ƙirgar ta fito sarai, kuma bayan rabin sa'a babu layi a yatsana, sai in yi wa sauran tsinkayen irinta.