Fox Animation Studios: shekara shida, sai aka rufe ƙofa

A 1994 Disney ya fitar da fim ɗin katun The Lion King, ya kwashi kuɗin da ya tsole wa kowa ido a Amurka. Kamfanin Fox ya ce shi ma sai ya lasa. Ya ɗauko Don Bluth da Gary Goldman, tsofaffin ma'aikatan Disney da suka yi fushi suka fice a 1979, waɗanda a 1994 ɗin suke aiki a Dublin ta ƙasar Ayalan, ya buɗe musu gidan zane a birnin Phoenix na jihar Arizona. Da yawa daga cikin masu zanen har iyalansu suka kwaso suka bi su.

Ni sana'ata rubutun allon shago da bayan trotro, wato motar haya, a nan Aboabo, Kumasi, don haka aikin ya fi kuɗin ɗaukar hankalina. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Ko da za a riƙa nuna kowane zane sau biyu, minti guda na buƙatar zane 720. Mai zane yana zaune gaban gilashi da fitila a ƙarƙashi, takardunsa masu huji a gefe an saƙala su a ƙusa don kada su goce. Ya sa su tsakanin yatsu yana kaɗawa gaba da baya, yana duba ko kafaɗar yarinya ta juya daidai. In ba ta yi ba, ya goge ya sake. Wanda ya taɓa jan layi da buroshi a jikin mota, direba na tsaye a kansa, ya san abin da hannu ke sha.

Fim ɗinsu na farko, Anastasia, ya fito a 1997 ya samo kusan dala miliyan 140. Ba laifi. Na biyun da suka kai silima ne ya karya su. Titan A.E. ya ci aƙalla dala miliyan 75, abin da ya dawo bai kai miliyan 40 ba. Tun kafin ya fito an sallami kusan mutum 300, wato mafi yawan ma'aikatan. Ya shiga silima ranar 16 ga Yunin 2000, ranar 26 aka rufe gidan.

Yaron shagona ya ce, "Maigida, ai kwamfuta ce ta kashe su, kamar yadda injin buga banner ya kashe aikin Kawu." Yana nufin kawuna, wanda a da yake zana hotunan fim da fenti a kan buhun fulawa, masu gidan bidiyo su rataya a bakin titi. Gaskiya injin ya ci kasuwar Kawu. Amma a kan Fox ban yarda gaba ɗaya ba. Titan A.E. ɗin nan cike yake da aikin kwamfuta, jiragen sama jannatin da ke cikinsa ba fensir ya yi su ba. Matsalarsa, ba a san wa aka yi wa shi ba: ya yi wa yara ƙanana nauyi, samari kuma suna ganin katun abin ƙannensu ne. Kuma a 2001 Spirited Away, zanen hannu daga Japan, ya kafa tarihin ciniki a ƙasarsu.

Abin da na gani, masu kuɗin riba irin ta Disney suka biyo, da ta ƙi zuwa sau ɗaya suka naɗe tabarma. Dama suna da wani gidan a hannu, Blue Sky, masu aiki da kwamfuta zalla, waɗanda suka fitar da Ice Age a 2002 aka yi ta ciniki. Disney ya sayi Fox a 2019, a 2021 ya rufe Blue Sky ɗin ma.